Corvisier: sunan dukawan Faransa da ya taso daga Ƙurɗuba

Duk wanda ya zauna ajin firamare a ɓangaren Faransanci na Kamaru ya haddace jerin masu sana'a: boulanger mai burodi, boucher mahauci, tailleur tela, cordonnier mai takalmi. Na ƙarshen nan yara sun fi saurin kama shi, don yanzu a unguwa da wuya ka ji an ce baduku, sai dai "kai wa kordoniye". In na tambayi 'yan ajina daga ina kalmar ta fito, kusan kullum amsa ɗaya ce: daga cordon, wato igiya, tunda da igiya ake ɗaure takalmi. Amsar tana da kai, amma ba haka abin yake ba. Sunan gari ne ke kwance a cikin kalmar, garin da duk almajirin tafsiri ya san shi: Ƙurɗuba ta Andalus, wadda a taswirar Sifen ta yau ake rubutawa Córdoba. Kuma cordonnier tana da 'yar'uwa da suka fito ciki ɗaya, wadda ta mutu a bakin Faransawa tun ƙarnoni da suka wuce, ba ta saura ko'ina ba sai a katin shaidar wasu 'yan tsirarun iyalai. Ita ce Corvisier.

Sunan garin ba Larabci ba ne, gara a faɗi wannan tun da wuri. Rumawa suna kiran sa Corduba tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Larabawa suka tarar da sunan suka lanƙwasa shi daidai bakinsu. Amma shaharar fatarsa ta zamanin Musulmi ce. Abdurrahman na ɗaya ya kafa mulkin Banu Umayya a can a shekarar 756, Abdurrahman na uku ya ayyana halifanci a 929, birnin ya zama ɗaya daga cikin manyan biranen duniya na lokacin. Majeman garin sun ƙware a jimar fatar akuya mai laushi, mai karɓar rini, wadda ba ta saurin tsagewa. Fatake suka riƙa haurawa da ita arewa, har ta zama abin da mai hali a ƙasar Faransa yake so ya ga ƙafarsa a ciki. To ka san halin kasuwa, kaya ba ya wuce sunan garin da ya fito. Yadda muke cewa "ɗan Kano" ko "'yar Dubai" kowa ya gane, haka su ma suka kira fatar da sunan garinta.

Sai dai sunan ya shiga Faransanci ta ƙofa biyu. Ta kudu, ta harshen mutanen Provence, ya shigo a matsayin cordouan, mai aikin wannan fata kuma cordouanier. Da tafiya ta yi nisa, kunnen jama'a ya daina jin Ƙurɗuba a ciki, ya riƙa jin cordon, sai kalmar ta gyara zama ta koma cordonnier. Ka ga kuskuren yaran nawa ba sabo ba ne, Faransawan da kansu suka fara yin sa, har ya shiga ƙamus. Ɗaya ƙofar kuma ta Latin ce: cordubensis, ma'ana "na Ƙurɗuba", wanda baki ya yi ta cinyewa har ya koma corvois. Mai ɗinka takalmi da corvois shi ne corvoisier ko corvisier. In an bi diddigi ke nan, sunan Corvisier da laƙabin Imam Alƙurɗubi, mai tafsirin nan da ya rasu a Masar a 1273, gari ɗaya suke nunawa. Bambancin kawai, shi malam garin ne mahaifarsa, shi kuwa kakan Corvisier wataƙila bai taɓa taka Andalus ba, fatar garin ce kawai ta ratsa hannunsa.

Kada a ɗauka sunan ƙasƙanci ne. A Faransa ta wancan zamani ba kowa ke tashi ya kafa rumfa ba. Kowace sana'a da ƙungiyarta, da dokokinta, da shekarun da yaro zai yi a gaban maigida kafin a sallame shi. Wajen 1268, Étienne Boileau, wanda Sarki Louis na tara ya ɗora a kan harkokin birnin Paris, ya tattara dokokin sana'o'i kusan ɗari a littafi guda da ake kira Livre des métiers. A ciki masu takalmi ba gida ɗaya ba ne. A sama akwai masu aiki da fatar Ƙurɗuba. Ƙasa da su akwai masu ɗinka ƙananan takalma da basane, fatar tunkiya mai araha, kalmar da ita ma daga Larabci ta fito, biɗana, wato shafin da ake yi wa tufa daga ciki. Can ƙasa kuma sai savetier, mai facin tsohon takalmi, wanda ba a yarda ya ɗinka sabo ba. Saboda haka mai aiki da fatar Ƙurɗuba a Paris ta ƙarni na 13 babban baduku ne, ba mai faci ba. Abin dariya, yau da masana'antu suka ƙwace ɗinkin sabon takalmi, cordonnier ɗin da ya yi ƙarnoni yana raina savetier shi ne ya gaji aikinsa.

Yaya aka yi sana'a ta zama sunan gida? Kamar yadda ake yi a ko'ina. Daga wajen ƙarni na 11 zuwa na 13 jama'a ta ƙaru, sunayen yanka kuwa 'yan kaɗan ne ke yawo: Jean, Pierre, Guillaume, Martin. Ƙauye guda sai a sami Jean biyar. Dole a bambance, sai a liƙa wa kowa laƙabi, wani da sunan ubansa, wani da inda gidansa yake, wani da kamanninsa, wani da sana'arsa. Mu da muke da Musa Maƙeri da Musa Dogo da Musa na Bakin Kasuwa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Inda suka rabu da mu shi ne, nasu laƙabin bai bi mai shi kabari ba. Ɗa ya gaje shi ko da ya bar basilla ya kama noma, jika ma haka.

Sannan hukuma ta zo ta sa masa kwaɗo. A 1539 Sarki François na ɗaya ya fitar da dokar Villers-Cotterêts, wadda ta wajabta wa limaman coci su riƙa rubuta yaran da aka yi wa baftisma a rajista. Bayan juyin juya hali, a 1792, aka karɓe rajistar daga coci aka miƙa wa ofishin magajin gari. A watan Agustan 1794 kuma aka yi dokar da ta hana ɗan ƙasa amfani da wani suna in ba wanda ke cikin takardar haihuwarsa ba. Shekara uku kafin nan, a 1791, an riga an rushe ƙungiyoyin sana'a, kuma ɗaya daga cikin dokokin da suka yi wannan aiki sunan wani lauya take ɗauke da shi, Le Chapelier, wanda ma'anar sunansa ita ce mai ɗinka hula. Jikan mai hula ne ya taimaka aka tashi kasuwar kakanni. Duk da haka rubutun sunaye bai tsaya cak ba sai wajen 1877, da aka fara ba kowane sabon aure ɗan littafin iyali, livret de famille, irin wanda mu ma muka sani. Kafin nan yawancin mutane ba su iya karatu ba, magatakarda kuma abin da kunnensa ya ji shi yake rubutawa.

Wannan ne ya sa sunan ya tarwatse. A yankin Champagne da Ardennes, arewa maso gabashin Faransa, za ka tarar da Corvisier da Corvisart. A tsaunukan Jura, ta ɓangaren Faransa da ta Suwizalan duka, ya zama Courvoisier. A Lorraine da tsaunukan Vosges harafin r ya yi tsalle ya koma gaba, aka sami Crouvezier da Crouvisier, irin dai yadda wani ke cewa bagaruwa wani gabaruwa, wani hawainiya wani wahainiya. A yamma, wajen Bretagne, akwai Corvaisier da Le Corvaisier. A Beljiyam kuwa sai Corbisier, da b. Wannan na ƙarshen ya fi yi mini daɗi, don Bahaushe da ba shi da v a harshensa, in ka ba shi sunan Korbiziye zai ce, ya koma kusa da Corduba ta asali bai ma sani ba.

Maganar yawansu fa? Hukumar ƙididdiga ta Faransa, INSEE, tana da kundin sunayen iyali na waɗanda aka haifa daga 1891 zuwa 2000, an kasa shi shekara goma-goma, kuma sunan da bai kai haihuwa 30 ba a duk tsawon lokacin ba ya ma fitowa a jerin da ta buga. Martin ne ke kan gaba a ƙasar. A sunayen sana'a kuwa maƙera ne suka cinye kasuwa: Lefebvre da Lefèvre a arewa, Fabre da Faure a kudu, Favre a gabas, duk daga faber na Latin. Kusa da waɗannan, Corvisier ɗigo ne a cikin tulu. Bafaranshe zai iya tsufa bai taɓa zama aji ɗaya ko ofis ɗaya da mai sunan ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, mai takalmi sunaye da yawa gare shi, kowane yanki da nasa. Kudu gaba ɗaya Sabatier suke cewa, sunan da Paul Sabatier na Toulouse, wanda ya sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1912, ya ɗauka. A arewa akwai tsohuwar kalma sueur, daga sutor na Latin, mai ɗinki, wadda ta ba da Sueur da Lesueur. Yau ɗalibi in ya ga Lesueur sai ya zaci gumi ake nufi, tunda sueur a Faransancin yanzu gumi ne. Ga kuma Cordonnier kansa. Sana'a ɗaya, gado ya rabu gida huɗu ko biyar, kason corvisier kuma ya sake rabuwa tsakanin rubuce-rubucen da na ambata. Sai wani dalili da nake gani, wannan ra'ayina ne: laƙabi ba ya kama mutum sai in ya bambanta shi da maƙwabta. Kowane ƙauye da maƙerinsa guda, in aka ce "maƙeri" an gama magana. Mai ɗinka takalmin fatar Ƙurɗuba kuwa ɗan birni ne, talakan ƙauye takalmin katako yake sawa ko ya tafi ƙafa a ƙasa, a birni kuma dukawa layi guda suke zama. A layin dukawa ai ba a kiran kowa Baduku.

Ƙarancinsu bai hana su fitar da mutane ba. Wanda ya fi shahara shi ne Jean-Nicolas Corvisart, da aka haifa a ƙauyen Dricourt na Ardennes a 1755, ya rasu a 1821. Ubansa ma'aikacin shari'a ne a Paris, ya so ɗan ya bi sawunsa, yaro ya zaɓi asibiti. Ya koyar a asibitin Charité, ya zama babban likitan Napoleon, ya kuma wallafa littafi a kan cututtukan zuciya a 1806. Amma abin da ya bari wanda ya shafe ni da kai shi ne wannan: in likita yana ƙwanƙwasa ƙirjinka yana saurare, to aikin Corvisart kake gani. Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba. Wani likitan Vienna, Leopold Auenbrugger, shi ya bayyana ta a 1761 cikin ɗan littafi da Latin, likitoci suka yi biris da shi kusan shekara hamsin. Corvisart ya gwada ta a kan majinyata shekara da shekaru, sannan a 1808 ya fassara littafin zuwa Faransanci da dogon sharhi, kuma ya bar sunan mai shi a kai, alhali da ya so ya ce tasa ce ba mai musa masa. A matsayina na malami, wannan ya fi burge ni fiye da kusancinsa da sarki. Ɗalibinsa René Laennec shi ne ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirji a 1816, wanda likitoci ke ratayawa a wuya har gobe. Yau a Paris akwai titi da tashar jirgin ƙasa na cikin gari, a layi na 6 kusa da Place d'Italie, masu suna Corvisart. Dubbai na sauka a nan kullum, da wuya a sami mai jin ƙamshin jima a sunan.

Akwai kuma André Corvisier, masanin tarihi a Sorbonne, wanda ya rayu daga 1918 zuwa 2014. Shi ma aikinsa da sunaye ya ƙare. Tun 1716 aka wajabta wa kowace rundunar sarkin Faransa ta riƙe rajistar sojojinta: suna, gari, tsawo, kamanni, da laƙabin da aka ba mutum a bariki. Corvisier ya bi waɗannan kundaye, ya fitar da babban littafinsa a 1964 a kan ko su wane ne ƙananan sojojin Faransa na ƙarni na 18, 'ya'yan wa, daga wane ƙauye. Ɗaliban likitanci kuma sun san Courvoisier, ba don barasar nan mai wannan suna ba, sai don Ludwig Courvoisier, likitan fiɗa na Basel, wanda ya rasu a 1918, mai ƙa'idar da ake koyarwa a kan kumburin maɗaciya ga mai ciwon shawara. Har mashahurin mai zanen gine-ginen nan, Le Corbusier, wanda ya tsara birnin Chandigarh na Indiya, yana da ƙafa a gidan. Sunansa na yanka Charles-Édouard Jeanneret, a 1920 ya ɗauki sunan alƙalami daga na wani kakansa ta wajen uwa, Lecorbésier. Jama'a suka ji corbeau a ciki, wato hankaka, shi ma ya biye musu har yana zana hankaka a madadin sa hannu.

Ita fatar kuwa ba ta tsaya a Ƙurɗuba ba. Garin ya faɗa hannun Sarki Ferdinand na uku na Castille a 1236, daga baya aka kori Musulmi daga Sifen, masu sana'a da dama suka tsallaka Maroko. Sannu a hankali fatar akuya ta alfarma a Faransa ta sake suna, ta koma maroquin, ta Maroko. Har yau kantin jakunkunan fata maroquinerie ne, kuma 'yan jaridar Faransa in wani ya sami minista sai su ce ya sami maroquin, saboda jakar takardun da yake riƙewa. A nan ne labarin ya taɓo mu. Wani kaso na fatar da Turawa suka riƙa kira ta Maroko daga ƙasar Hausa ta fito, fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, a jeme ta da bagaruwa, a rina da karan dafi, ayari ya ratsa Sahara da ita. Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda takalma da jemammun fatu ke fita daga garin zuwa arewacin Afirka. Ko Ghadames ta Libiya, wadda fatakenta suka yi zaman Kano, ta ba Sifaniyanci kalmar guadamecí, fata mai ado. Ƙurɗuba, Ghadames da Maroko duk sun sami kalma a harsunan Turai, mu majemanmu sun yi aikin, tashar da kaya ya bi ta ƙarshe ta ɗauke sunan.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu a shafin nan shi ne, abin da ya faru da Corvisier tsakanin 1539 da 1877 yana faruwa da mu yanzu, cikin ƙarni ɗaya kacal. Mun gaji tsarin rajistar Faransa. Dokarmu ta bar wa iyaye su zaɓa wa yaro suna, amma kowace takarda gida biyu take da shi, nom da prénom, kuma dole a cika. Sai uba ya ba da sunansa, ko na kaka, ko laƙabin da aka san gidan da shi. Haka Madugu ya koma Madougou, Maigari ya koma Maïgari, gobe jikan da bai taɓa ganin ayari ba zai ci gaba da amsawa. Na lura kuma ba kowace sana'a ake yarda a kai ofis ba. Madugu da Tela suna shiga takarda cikin sauƙi, Baduku da Mahauci kuwa sai a bar su a zaure, a rubuta sunan kaka. Faransawa ba su sami wannan zaɓin ba, laƙabin ya riga ya manne kafin takarda ta zo, kuma mutuwar kalmar ta rufa wa kowa asiri: babu mai yi wa Corvisier gorin basilla, tunda ba mai gane ta a sunan.

Tarwatsewar rubutu ma mun gaje ta. Duk malamin aji shida ya san wahalar da ake sha lokacin haɗa takardun jarrabawar CEP. Wa a akta Ousmanou, ƙane Oussoumanou, uba a katinsa Ousman, duk mutum ɗaya ake nufi. Harafi guda kan sa yaro ya rasa zaman jarrabawa, ko uba ya yi watanni yana safa da marwa tsakanin kotu da ofishin magajin gari. Magatakarda ya rubuta abin da ya ji, uba bai duba ba don boko ba karatunsa ba ne. Crouvezier da Courvoisier ta wannan hanyar suka rabu.

A can Faransa, damuwar masu irin wannan suna ta ɗaya gefen ce, wato ƙarewa. Tun 1845 wani masanin lissafi, Irénée-Jules Bienaymé, ya nuna cewa sunan da ke bin 'ya'ya maza kawai yana iya gushewa ko da jama'ar ƙasa ba ta raguwa: ya isa a yi zuriya ɗaya ta 'ya'ya mata zalla, ko ɗa tilo ya mutu bai haihu ba. Babban suna irin Martin ba ya jin wannan, ƙaramin suna kuwa kowane gida da ya rufe ragi ne. Yaƙin duniya na ɗaya ya ci sojojin Faransa kusan miliyan 1.4, kuma Ardennes da Champagne, gidan Corvisier da Corvisart, suna cikin filayen dagar. Asarar ta kai har a 1923 aka yi doka da ta ba dangi damar ɗaukar sunan namijin ƙarshe na gida in ya mutu a yaƙi, don kada sunan ya bi shi. Daga 2005 iyaye suna iya ba yaro sunan uwa, ko na uba, ko su haɗa biyun. Daga Yulin 2022 kuma baligi yana iya zuwa ofishin magajin gari, sau ɗaya a rayuwarsa, ya cika takarda ya koma sunan mahaifiyarsa ba tare da ya je kotu ba. Jikar baduku ta wajen uwa, in ta ga dama, yanzu tana iya ɗauko Corvisier daga akta ɗin tsohuwarta ta sa wa kanta.